Barka da Jaje a Zaure Ɗaya

Tun da na koma makaranta ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta ja mini hijabi, waccan ta tare ni a bakin famfo: "Dije, wai da gaske wuta ta kore ku har Makoda?" "Dije, wai da ƙafa kuka je?" Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami, kuma na lura duk lokacin da na maimaita sai wutar ta ƙara tsawo. Shekaranjiya da nake ba 'yan ajinmu, har gajimare ta lasa. To ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni. In kun ji gishiri ya yi yawa a wani wuri, kun san hannuna. Amma abin da ya shafi gidan su Falmata, ban ƙara ko ƙwaya ba.

Ga waɗanda ba su san garinmu ba: ƙauye ne a ƙasar Kunci, gona manne da gona, gida manne da gona. In ka yi tuntuɓe a gonarku, a ta maƙwabci za ka faɗi. Gidanmu yana gefen gabas, gida ɗaya ne tsakaninmu da gonaki, shi ne na Malam Bukar, baban ƙawata Falmata. Kakanninsu daga Borno suka zo tun ba a haifi Babana ba. Yanzu Barbarcin da ya rage musu bai wuce gaisuwa ba, sai turaren wutar Inna Yagana, mahaifiyar Falmata. Dangar kara ce kawai ta raba mu. In Innata ta yi atishawa, daga gidansu ake mata addu'a.

Bayan kaka abin ya faru. An gama cusa hatsi a rumbu, kara jibge a gonaki, harawa a kan itatuwa, komai ya bushe ƙayau. Da hantsi ni da Falmata muna surfe a tsakar gidanmu sai muka hango hayaƙi ta gabas. Muka ce wani ne ke ƙona sharar gona, muka ci gaba da gulmarmu. Abin da ya fara ba ni tsoro shirwa ne, sun cika sama suna shawagi a kan hayaƙin. Sai ga zomo ya faɗo gidanmu a guje, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun Kaka, ko sallama babu. Iska kuwa kamar an aiko ta. Ba mu ankara ba sai lasifikar masallaci ta ɗauka: "Mata da yara da tsofaffi a fita ta yamma! Maza a fito da fartanya da bokiti!"

Ku zo ku ga abin da mutane ke ɗauka in an ce su gudu. Inna ta goya ƙanina, ta sungumi tukunyar miya da zafinta. Inna Yagana ta fito da kaskon turare da kwalba ɗaya, ta bar akwatin zannuwanta. Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta zauna daram a ƙofar ɗaki ta ce ba inda za ta sai an ciro mata likkafaninta daga ƙarƙashin gado.

"Iya, wuta ce fa!" in ji Baba.

"Na ji. In ta cim mini a hanya da me za ku rufe ni? Da buhun taki?"

Aka ciro, ta rungume abinta, aka ɗora ta a amalanken wani maƙwabci. Baba ya ce wa Inna mu wuce Makoda gidan yayanta Kawu Sani, kada mu tsaya sai can. Malam Bukar ya ce iyalinsa su bi mu. Su biyun suka juya suka nufi hayaƙin.

Hanyar yamma ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mata da ƙullin kaya, yara na kuka, awaki na taya su, wata tsohuwa ta goyo kaza kamar jariri. Toka na zubo mana a ka. Kowa na cewa kada a waiwaya, kowa kuma na waiwaye. Falmata, wadda bakinta ya fi nawa gudu, gefen zanina kawai ta riƙe. Wasu suka tsaya a firamaren garin gaba, wasu suka shige gidajen dangi, mu muka miƙa har bakin titi.

A can muka sami wata a-kori-kura da ta sauke kaya za ta koma Makoda. Direban, wani siriri mai haƙorin Makka, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku hau, Allah ya kiyaye gaba." Mutumin kirki ne, sai dai ban ga ramin da ya kauce wa ba. Duk wanda motar ta faɗa, sai miyar kukar Inna ta yi tsalle ta gaida wani. Kafin mu yi nisa kowa ya sami rabonsa. Kaka ta cusa likkafaninta cikin riga.

Na ce, "Kaka, in ma a motar nan kika cika an huta, kayan aiki na hannu."

"Ja'ira. Sai na ci goron bikinki, in ma an sami mai kwasa."

Iyakar ƙasarmu da ta Makoda ba wata aba ba ce, kwalbati ne da bishiyar darbejiya. Amma 'yan sintiri sun ja igiya a wurin, ni kuma ban taɓa tsallake iyaka ba, don haka a wurina ƙasar waje muka zo. Wani mai ƙaton gashin baki ya leƙo bayan motar.

"Daga ina?"

"Daga wuta," in ji Kaka.

Ya yi turus. "Subhanallahi, Hajiya, wace wutar?"

"Ta duniya tukuna, ɗan nan. Sauke igiyarka."

Sai ya dube ni. "Ke kuma wannan makamin fa?"

A lokacin na duba hannuna. Taɓarya. Tun daga tsakar gida nake riƙe da ita. Na bar takalmana, na bar jakar makarantata, na ceto taɓarya. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Da warin hayaƙin jikinmu ya isa hancinsu sai dariyar ta tsaya. Mai gashin bakin ya sayo mana ruwan leda da rake, ya ɗaga igiyar da kansa.

Gidan Kawu Sani ginin bulo ne da rufin kwano. Matarsa Anti Bilki ta kwashe 'ya'yanta ta ba mu ɗakinsu, muka jeru a ciki kamar kifi a kwali. Mutanen unguwar nan mutanen kirki ne, amma al'adunsu sai su. Ba a jan ruwa a rijiya, a kurar 'yan ga-ruwa ake turo shi har ƙofar gida. Kaji a keji suke kamar sun yi laifi. Ƙofa kullum a rufe, sai ka ƙwanƙwasa a ce "waye?", alhali mu a garinmu kana tsakar gida kake ƙarasa sallama. Tuwo kuwa baƙo ne, taliya da manja ake ci. Kaka ta ɗaga sili ɗaya ta duba shi a rana, ta ce ita ko a shekarar yunwa ba ta ci tana ba.

Babban abin shi ne tukunyar gas. Mu a gida in wuta ta mutu, kasko ake ba ka ka je maƙwabta ka ɗebo garwashi. Anti Bilki wani abu kawai ta murɗa, fuu, ga wuta shuɗiya. Kaka ta miƙe tsaye.

"Bilki, wuta kuka ɗura a tulu kuna zaune da ita?"

"Gas ne, Iya, ba ya komai."

"Mu da muka ajiye tamu a waje ma ga yadda ta yi da mu."

Ta ja tabarmarta can ƙarshen tsakar gida, ba ta kuma bi ta ƙofar kicin ba har muka bar garin. Inna Yagana kuwa ta kasa zama. Ta share gidan, ta sake sharewa, ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Anti Bilki na cewa ta huta, ita tana cewa hannunta ne ba ya son zama. Wayar Baba ba ta shiga, ta Malam Bukar ma haka. Wanda ya zo ya ce gari ya ƙone ƙurmus, na bayansa ya ce ko kaza ba ta mutu ba.

Washegari da hantsi sai ga su a kan babur ɗaya. Da ƙyar na gane Baba. Rabin gemunsa babu, rigarsa duk huji, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Na ruga na tare shi.

"Baba, gidanmu fa?"

"Yana nan. Ba a rasa rai ba a garin."

Na daka tsalle na rangaɗa guɗa irin ta gidan biki. Ina sauka na ga fuskar Falmata. Tana kallon babanta, shi kuma yana kallon ƙasa. Ba wanda ya faɗa mata komai, ita ma ba ta tambaya ba. Da ana mayar da guɗa ciki, da na haɗiye tawa.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Wutar ta iso layin gabas, ruwan rijiya kuma ba ya isa a raba shi gida biyu. Bayan gidan Malam Bukar ya riga ya kama, amma ɗakunan gaba da rumbu ɗaya, da an dage da an cece su. Shi da bakinsa ya ce, "Ku bar nan. In ta tsallaka gidan Garba, gari ya tafi." Garba shi ne Babana. Suka tumɓuke dangar da ke tsakaninmu, suka sauke jinkar rumbunanmu, suka juye duk ruwan a ɓangarenmu. A nan aka tare ta. Gidaje da dama na layin gabas sun tafi, amma nasa ne kaɗai aka bari ana kallo.

Da la'asar Falmata ta same ni a bayan ɗaki.

"Baba ya ce ba za mu koma ba. Dawakin Tofa za mu, wurin ƙaninsa mai shago."

"Har yaushe?"

"Har yaushe kuma? Ya ce shi ba zai zauna a riƙa miƙo wa iyalinsa tuwo ta kan danga ba."

Na nemi abin tsokana in faɗa mata, na rasa. Ni Dije na rasa magana. Wannan kaɗai ya isa ku san abin ya kai.

Labari ya bazu a unguwar su Kawu, mutane suka fara zuwa gaisuwa. Kun dai sani, wanda ya tsira barka ake masa, wanda ya yi asara jaje ake masa. To ga mai barka ga mai jaje a kan tabarma ɗaya, a zaure ɗaya. Kawu ya koma kamar mai ba da hannu a titi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa: "Nan barka, nan jaje." Ni aka sa kai ruwa da kunu zaure, don haka a idona aka yi komai. Duk "barka da arziki" da aka yi wa Baba, sai ya amsa can ƙasan maƙoshi kamar mai haɗiyar maɗaci, Malam Bukar kuma ya ƙara sunkuyar da kai. Mutanen da ba sa gajiya da musu a kan wa ya fi wani iya noman gyaɗa, sai ga su suna wuni ba su haɗa ido ba. Baba ya yi masa maganar a raba hatsinmu biyu. Ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci, ya rufe zancen.

Ga wani abu kuma: Kawu gajere ne. Rigunansa ba sa shiga Baba, saboda haka yana nan cikin ƙonanniyar rigarsa, wanki kawai aka yi mata. Malam Bukar kuwa sun yi masa cif, aka ba shi farar shaddar Sallah, ya zauna fes kamar angon da aka ɓata wa rai.

Wata safiya Kawu ya fita kasuwa, sai ga wani tsoho maƙwabcinsa, Alhaji Ɗanjuma, yana dogara sanda. Kunnensa ya yi nauyi. Ya tare ni a bakin zaure ina ɗauke da kwanon kunu.

"'Yammata, wanne ne wuta ta ci?"

Na nuna Baba. Har yau ana musu a gidanmu ko da gangan na yi. Ni dai abin da aka tambaye ni na amsa, gemun kowa na ganinsa.

Alhaji ya zauna gaban Baba, ya kama hannunsa mai lafiya. "Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu, bawan Allah. Yaya muka ji da wannan asara? Allah ya mayar maka da mafi alheri."

Na jira Baba ya ce ba shi ba ne. Sai na ji ya ce, "Amin, Alhaji. Na gode. Tun da na zo ba wanda ya yi mini sai kai."

Alhaji ya juya wurin Malam Bukar, ya ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi. "Kai kuma barka da arziki! Dubi yadda Allah ya fid da kai, ko toka ba ta taɓa ka ba. To ka ji in gaya maka. Mai gobara zuciyarsa ba ta ba shi shawarar kirki. Kunya za ta ce masa ya tattara ya bar gari. Kada ka yarda! Kai ne maƙwabci, a wuyanka yake. In ya ɗaure kaya, ka zauna a kan kayan."

"Alhaji, ai ni ne..." in ji Malam Bukar.

"Eh mana, kai ne! Wa zai yi in ba kai ba?"

"Faɗa masa dai, Alhaji," in ji Baba. "Ni ba ya jin tawa."

Malam Bukar ya dubi Alhaji, ya dubi Baba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce ta ƙwace masa, irin wadda ba ta fita da sauti, har hawaye na bin fuskarsa, kuma ban san daidai inda dariyar ta ƙare wani abin ya fara ba. Alhaji ya ce, "Yawwa, haka ake so." Ya sha kunu, ya yi addu'a, ya tafi bai san aikin da muka yi ni da shi ba.

Ni kuwa na tsaya kwashe kwanuka sannu a hankali, kamar da ƙwai aka yi su.

"Garba, me ka rasa da kake karɓe mini jaje?"

"Gemu," in ji Baba. "Shi zai fito. Maƙwabci ne ban san inda zan samo ba."

"Ba zan iya cin tuwon kan danga ba."

"Wace dangar? Da hannunka ka taya mu tumɓuke ta."

Can Malam Bukar ya ce zai bi mu ya ga abin da ya rage, ya tsinci ƙarafa, ya yi sallama da mutane. "Dubawa kawai, Garba. Kada ka sa rai." Sannan ya ɗago. "Ke Dije, kwanon nan ba ya ɗaukuwa ne?" Na fice.

A bas muka dawo, da taɓaryata a gefe, ba miya wannan karon. Tun daga bakin titi warin ya tare mu, irin na tukunyar da ta ƙone aka zuba mata ruwa. Gonakin gabas baƙi ƙirin har inda ido ya tsaya, itatuwan ɗorawa tsaye kamar an yi musu aski.

Abin da ban zata ba shi ne shirun garin. Waɗanda gidajensu suka tsira suna tafiya a raɓe kamar su suka kunna wutar. Inna ta daina sa daddawa a miya, wai kada ƙanshi ya je wa waɗanda ba su da murhu. Masu gobara sun rarrabu a gidajen mutane, kowane zaure da baƙinsa, baƙin da kwanan nan suke da nasu zauren. Wasu na cewa masu farautar gafiya ne suka tayar da ita, wasu na cewa masu ɗiban zuma. Gidaje biyu sun daina gaisawa a kan haka, kowa na zargin ɗan wani, kuma har yau ba wanda ya sani. Awaki sun tsira, harawarsu ba ta tsira ba, sai ihu suke wuni suna yi.

Su Falmata a ɗakin Kaka suka sauka. Inna Yagana ta tura kaskon turarenta ƙarƙashin gado, ko ƙarar ashana ba ta son ji. Na raka Falmata kangonsu. Bango baƙi, rufi babu. Inda rumbu yake tulin toka ne, in ka tona sai ka ga gero ya zama gawayi, kowace ƙwaya da siffarta. Ta tsaya daidai inda gadonta yake a da, ta dudduba, ta ce, "Ashe ɗakin nan ƙarami ne." Iyakar maganarta ke nan.

Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya, za a bi gida-gida a tayar da ɗakuna, daga bakin gabas za a fara, wato daga kangon Malam Bukar. Ya je har gaban mai unguwa ya ce a tsallake shi, shi matafiyi ne. Mai unguwa ya ce ya ji, amma layi layi ne, in an gina ya bar wa jemagu.

Ranar gayya samari suka haƙo ƙasa suna kwaɓawa, masu tubali na yi, mu 'yammata muna jidar ruwa. Malam Bukar ya tsaya a gefe, hannu a baya, cikin farar shaddar Kawu. Ƙullin kayansu, ɗan abin da mutane suka tara musu, yana ɗaure a zaurenmu, an riga an yi magana da mai motar Dawakin Tofa zai zo washegari. Duk wanda ya wuce ta gabansa sai ya ce, "Kuna wahalar da kanku a banza."

Magini, Malam Ila, ya kafa turaku, ya ja igiya yana shata ɗaki. Da ya zo gefen gabas sai ya bar gurbin ƙofa. Malam Bukar ya yi tari. Malam Ila bai kula ba. Ya ƙara tari. Na dubi Baba, na ga ya juya baya yana kankare wata fartanya da hannu ɗaya, fartanyar da babu komai a jikinta.

"Kai Ila!" Muryar Malam Bukar sai da ta sa masu kwaɓa suka tsaya. "A nan za ka sa ƙofa? Wane magini ne ke buɗe ƙofa gabas? So kake ruwan damina ya riƙa shigo mini ɗaki yana gaishe ni a kan gado?"

"To ina ruwanka, Malam? Ba tafiya za ka yi ba?"

"Ba ni igiyar nan!"

Ya tuɓe shaddar ya miƙa wa Falmata ko kallonta bai yi ba, ya tsuguna ya cire turken. Falmata ta mintsine ni har sai da na zubar da rabin ruwan tuluna.

"Kin ji?" ta ce. "'Shigo mini ɗaki' fa ya ce."

Na ji. Kowa a wurin ya ji, ba wanda ya ɗago kai. Kudu ƙofar take kallo yanzu, bayan an sha musu har la'asar, kuma Malam Bukar yana nan yana cewa tagar ma ba a nan ya ce a sa ta ba.